Ranar Da Aka Shafe Allon Aji Shida

Sallama gare ku masu karatu, da waɗanda suka saba da surutuna da waɗanda yau suka fara leƙowa. Kafin in ce komai ina neman arziki guda. Duk wanda ya san ɗansa ko ƙanensa ya yi aji shida a hannuna a shekarar 1984, ya yafe mini. In ya gama karanta wannan zai san dalili.

Sunana Rashida. A lokacin shekarata ashirin da biyu, ina da takardar koyarwa mai daraja ta biyu, wadda sai a zama na uku Allah ya ba ni ita. Gidanmu yana Old Maiduguri. Asalinmu Kanawa ne, kakana fatauci ya kawo shi Borno, ya ga wuri ya zauna. Babana Malam Nasidi shi ne hedimastan Firamaren Gindin Darbejiya, kuma a ƙarƙashinsa nake koyarwa. Ba sai na faɗa muku yadda na samu aikin ba.

Makarantarmu tana da suna a ofishin ilimi, amma ba irin sunan da ake so ba. Shekara uku a jere muna tura yara jarrabawar shiga sakandare, shekara uku ba wanda ya ci. Baba ya ce masu duba takardun ne ba sa ƙaunarmu, mu kuwa malamai muka ce wallahi haka ne. Da damina ta faɗi Baba yana gonar shinkafarsa a Zabarmari, da kaka ta yi yana can dai. In ya leƙo makaranta sai ya shige ofis ya kishingiɗa, muddin yana jin muryar yara tana tashi daga ajujuwa to a wurinsa karatu yana tafiya. Malam Babakura na aji biyar ɗinkin hula yake yi a kan teburinsa. Malama Salomi ta aji huɗu tana da farantin gyaɗa da alewa a bakin taga, yaran ajinta sun iya canji fiye da komai. Ni kuma ina dariyarsu duka, ina ganin na fi su.

Abin da ya sa nake ganin haka shi ne allona. Shekara huɗu kafin wannan lokaci an kawo mana wani ɗan bautar ƙasa mai kyawun rubutu, ya cika allon aji shida da wani labari na Turanci, labarin Bukar da jakinsa da suka tafi Kasuwar Litinin, jaki ya kwanta a hanya ya ƙi tashi. Rubutun ya burge Baba har ya kafa doka kada wanda ya goge. Ɗan bautar ƙasa ya gama ya tafi, labari ya zauna. Da na karɓi ajin na tarar da aikina a gama. Kullum da safe in buga sanda sau uku a jikin allo, yara arba'in da bakwai su ɗauka daga farko har ƙarshe, murya ɗaya, ba gargada. Su maimaita har a kaɗa ƙararrawa. Ni kuwa ina kujera ina yi wa rigunan matashin kai ado da zare, fure ja da ganye kore, saboda aure ya matso.

Wanda zan aura sunansa Nuraddeen. Dogo ne, mai magana a hankali, kullum cikin safari ruwan toka da biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. Yana da Vespa da yake goge ta da hankici kafin ya goge fuskarsa. Wata takwas yana zuwa zance gidanmu, lokacin yana koyarwa a sakandare, kuma Baba ba ya kiransa sai da ɗana. Har an tsayar cewa ranar Asabar ɗin ƙarshen wata kawunnansa za su zo da goro neman aurena. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. In na ji ƙarar Vespa a bakin layi har allura sai ta soke ni.

Saura mako uku kawunnai su zo, aka yi masa ƙarin girma. Aka mai da shi sufeton makarantun yankinmu.

Mun saba da sufetoci. Sukan aiko takarda tun mako guda, su zo da hantsi, a zaunar da su a ofis, a kawo shinkafa da kaza da lemon kwalba, su sa hannu a babban littafi su tafi ba su ga ƙofar aji ba. Nuraddeen kuwa sai ga labarinsa yana yawo a gari. Ba ya aiko takarda, ko akawun ofis ba ya faɗa wa inda za shi. Kawai a ga Vespa a ƙofar makaranta ƙarfe takwas. A makarantar farko da ya je, hedimastan da tsalle ya shigo ofishinsa ta taga don a tarar da shi a ciki.

Wata safiya muna karin kumallo Baba ya ajiye ludayin koko ya dube ni.

“Rashida, yaron nan yana nan zuwa zance?”

Na lura yau ba ɗana ba ne, yaron nan ne. Na sunkuyar da kai na ce, “Yana zuwa, Baba.”

“To ki tambaye shi ranar da zai zo makarantata.”

“Ai ba ya faɗa wa kowa.”

“Ke kowa ce?”

Inna Hassana, mahaifiyata, ta matso da kujerarta. Ita ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta fi Baba sanin abin da ke tafiya a ofishin ilimi. Ta ce, “An ce duk hedimastan da ya rubuta wa mugun rahoto ƙauye za a tura shi. Kina so a kai ubanki inda sai an yi kwana biyu a bayan a-kori-kura? Ki yi kwalliya, ki yi masa fara'a, ki tambaya. Namijin da zai aure ki ya ɓoye miki ranar mako, me zai faɗa miki in kun shiga ɗaki?”

Baba ya miƙe yana gyara hula. “Ni dai magana ɗaya ce. Wanda ya kunyata ni a makarantata, kada kawunnansa su wahalar da kansu zuwa zaurena.”

Ranar Lahadi da la'asar na yi abin da Inna ta ce, har na ƙara. Na ɗaura atamfata mai ruwan ganye, na yafa laffayar Inna wadda ta kwana a kan turaren wuta, na shafa humra har ƙanshin ya riga ni isa zaure. Na kai masa kunun gyaɗa a kofin tangaran ɗin da ba a fito da shi sai da sallah.

Ya dube ni ya yi murmushi. “Yau kuma bikin wa ake yi?”

“Ba na kowa ba. Malam, aikin nan naka ba ya gajiyar da kai? Kullum kana hanya.”

“Da sauƙi.”

“Wannan makon ina da ina za ka?”

“Inda Allah ya kai ni.”

“Allah zai kai ka wajenmu?”

Ya ajiye kofi. “Rashida, in na faɗa miki, makarantar da zan gani ba ita ce makarantar da yara suke zuwa kullum ba. Me kike tsoro? Ba ke kika ce mini ajinki yana karanta Turanci shafi guda ba tuntuɓe ba?”

Na ce masa haka kuwa, tun farkon haɗuwarmu, kuma har ga Allah a lokacin ban ɗauke ta ƙarya ba.

Ana kiran magariba ya tashi zuwa masallacin bakin layi, ya bar jakarsa a kan tabarma. Ga inda na ce ku yafe mini karo na biyu. Na zauna ina kallon jakar, ina cewa a raina Rashida kada ki taɓa. Ina cikin faɗa wa kaina haka na ga hannuna ya riga ya zuge ta. Ɗan littafinsa na aljihu yana sama. Na buɗe, ga shi da jan biro: Alhamis, Gindin Darbejiya. Na mayar, na zuge, na gyara zama. Da ya dawo ya tarar da ni ina kallon ƙasa, ya ce kunyata tana daga abin da yake so a wurina.

Daga Litinin zuwa Laraba makarantarmu ta ga aikin da ba ta gani ba tun da aka gina ta. Baba ya bar masu yankan shinkafa a Zabarmari ya tare a makaranta. Aka share fili, aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa. Aka nemo tuta a ƙasan akwatin ofis, ɓera ya ci gefe guda, Malama Salomi ta ɗinke. Malam Babakura ya kai hulunansa gida. Aka gaya wa yara duk wanda ya zo Alhamis ba wanka zai gane kurensa. Inna ta sa aka kamo kaji uku. Ni ban damu ba, na san abin da nake da shi. Laraba ma da wuri na tafi gida don a yi mini kitso.

Bayan tafiyata ne Baba ya zagaya ajujuwa, ya ga alluna sun yi fari fat saboda tsufa, ya ce a baƙanta su. Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba. Tsofaffin batiran tocila ake fasawa, a fitar da baƙin ciki, a daka, a kwaɓa da ɗan koko, a shafe allo da tsumma. In ya bushe sai ya koma kamar sabo. Baba ya ba Malam Babakura aikin, ya ce duka. Malam Babakura mutum ne da in an ce duka, to duka ɗin yake yi.

Alhamis da safe na shiga aji cikin shigata ta mutunci, na ɗaga kai, na ga allo baƙi wuluk daga wannan bango zuwa wancan. Babu Bukar, babu jaki. Jakata ta faɗi daga hannuna.

Malam Babakura ya leƙo yana murmushi, hannayensa baƙi har gwiwar hannu, ya gaishe ni da Barbarci. “Wushe, Malama. Kin ga aiki? Naki sau biyu na shafa, rubutun nan ya kama allo da ƙarfi.”

“Malam Babakura, ka kashe ni.”

“Hedimasta ne ya ce duka.”

Na ɗauki alli zan mayar da labarin. Ni ma na haddace shi, shekara biyu ina ji. Amma faɗa da baki daban, rubutawa daban. A layi na farko na ci karo da wata kalma da ban tabbatar ko da harafi ɗaya ake rubuta tsakiyarta ko da biyu ba, kuma na san wanda zai zo da jan biro yake yawo. Na goge. Ina tsaye gumi yana bin sabon kitsona sai ga Baba cikin babbar riga, ya ga allo fanko.

“Allo ba rubutu sufeto zai gani? Kawo allin.”

Baba yana da Turancinsa na mutanen da, na takardar ofis. Ya cika allo da jawabin maraba: malamai da ɗaliban wannan makaranta mai albarka suna farin cikin tarbar mai girma Sufeto Malam Nuraddeen, wanda zuwansa haske ne gare mu. Ya yi wa sunan layi biyu a ƙasa. Na buɗe baki in ce Baba akwai magana, sai muka ji Vespa. Na juya wurin yara da sauri na ce, “Yau ba karatun allo, kun ji? Sau-sau za mu yi, biyu sau biyu.” Suka ce to, Malama.

Ta taga na ga Nuraddeen ya kafe Vespa. Ya dubi fararen duwatsu, ya dubi tuta, ya shaƙi ƙanshin suyar kaza da ke fitowa daga bayan ofis. Ya taɓa dutse ɗaya da yatsa, farar ƙasa ta biyo yatsan. Sannan ya ɗago kai ya dubi tagar ajina. Na ja da baya har na taka ƙafar wata yarinya.

Bai shiga ofis ba. Ya gaida Baba har da rusunawa, ya ce da aji shida zai fara tunda su ne masu jarrabawa.

“Madalla,” in ji Baba. “Ai nan ne ƙarfinmu yake.”

Yara suka miƙe suka rera gaisuwa. Nuraddeen ya ce mini, “Ina kwana, Malama,” kamar bai taɓa shan kununa ba. Na ce za mu yi lissafi. Ya ce a'a, karatu yake son ji, ga rubutu nan a allo, su karanta masa.

Kafin in motsa Baba ya karɓe sandar daga hannuna. Ina so ku gane, Baba bai san komai ba. Shekara huɗu yana jin muryarsu daga ofis, ya yi imani yaran nan sun fi na kowace makaranta karatu. Kuma jawabinsa ne a allo, yana so a ji shi. Ya gyara hannun riga, ya ce, “To, yara, ku nuna wa baƙonmu.” Ya buga sanda a jikin allo sau uku.

Yara arba'in da bakwai suka buɗe baki da murya ɗaya, cikin Turanci mai kyau, suka sanar da mai girma sufeto cewa wata rana Bukar ya tashi da sassafe ya ɗaura wa jakinsa kaya.

Baba ya ci gaba da jan sanda, yana gyaɗa kai. Ya yi layi guda cur kafin kunnensa ya gaya masa abin da yake ji ba shi ne abin da ya rubuta ba. Amma wa zai tsayar da su? Ba a taɓa tsayar da su a tsakiya ba. Sandar Baba tana kan sunan Nuraddeen, mai layi biyu a ƙasa, lokacin da suka iso inda jaki ya kwanta a tsakiyar hanya, aka yi duka aka yi lallashi ya ƙi tashi. Malama Salomi da ke leƙe ta taga ta toshe baki da gyale ta ruga bayan aji, muna jiyo ta. Yara suka kai Bukar kasuwa, suka dawo da shi gida lafiya, suka yi shiru suna jiran yabo.

Nuraddeen bai yi dariya ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. Ya tambaye ni wa ke zuwa na ɗaya a ajin. Na nuna Turai, 'yar wani mai gyaran keke, yarinya mai tsabta da kaifin baki da ke maimaita aji shida, zango uku ina ba ta na ɗaya domin muryarta ce ke jan sauran. Ya kira ta gaban allo, ya ɗauki alli ya rubuta harufa biyar manya.

“Karanta mini wannan, 'yata.”

Turai ta dubi allo, ta dube ni. Na san kallon, jira take in buga sanda. Da ta ga ba sanda sai ta ce a hankali, “Bukar?”

Sunanta ne ya rubuta. Shekara ta bakwai ke nan tana zuwa makaranta, biyu daga ciki tana zaune a gabana ina ɗinka fure, ba ta san sunanta in ta gan shi ba. A nan dariyar ta ƙare mini, na ji kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata.

Ya zagaya sauran ajujuwa har azahar, ya rubuta abin da zai rubuta, ya yi godiya, ya ce yana azumin Alhamis, ya hau Vespa. Kajin Inna malamai ne suka cinye, Malam Babakura ya ci cinya uku yana cewa shi dai abin da aka sa shi ya yi.

A gida Baba ya ƙi cin abinci. Ya zauna a tsakar gida yana lissafa masu laifi: Babakura, ɗan bautar ƙasa, masu yin batir, gwamnati. Inna ta ce ai duk laifin yaron nan ne, mutumin kirki in ya ga surukinsa zai faɗi sai ya kau da kai. Ni ba wanda ya ambace ni, kuma hakan ya fi duka ciwo.

Wasiƙunmu ni da Nuraddeen ta hannun Malama Salomi suke bi, domin mijinta Dzarma akawu ne a ofishin ilimi. Juma'a da safe ta miƙo mini ambulan yana ƙanshin gyaɗa, ta ce, “Ki zauna kafin ki buɗe, ƙanwata. Dzarma ne ya buga rahoton a tafireta, ya ce sau biyu yana tashi shan ruwa.”

Wasiƙar gajera ce. “Rashida, na miƙa rahotona. Na rubuta abin da na gani, har da sunan hedimasta da na malamar aji shida. Na roƙi a ba makarantar wata shida kafin a taɓa kowa. Littafina na aljihu kin mayar da shi a kife, ni ba haka nake ajiye shi ba. Na yi fushi kwana ɗaya, ya wuce. Kawunnaina suna nan zuwa gobe kamar yadda aka tsayar, sai in an kore su. Naki, Nuraddeen.”

Na karanta sau huɗu. Na yi kuka a kan sunana da ke cikin rahoto, na yi kuka a kan littafin da na kife, sannan na yi murna da kalmar ƙarshe, duk a cikin hutun tara.

Asabar da hantsi kawunnai uku suka iso da ƙwaryar goro da alewa. Kwafin rahoton ya riga su zuwa, yana aljihun Baba tun jiya. Inna ta ce ba za ta dafa komai ba, sannan ta dafa burabusko da miyar kifi, wai don kada a ce gidan Malam Nasidi ba a iya karɓar baƙi ba. Baba ya daɗe a ɗaki. Da ya fito ya tsaya a gabana.

“Rashida, ke kin san yaran nan ba sa karatu?”

Na so in ce ban sani ba. Na ce, “Ban taɓa dubawa ba, Baba.”

Ya dube ni ya ce, “Ni ma haka.” Ya wuce zaure.

Ni da Inna muka manne a bayan ƙofa, kunnenta a sama nawa a ƙasa. Aka yi gaishe-gaishe, aka tambayi shinkafa, aka tambayi mutanen gida. Babban kawun ya gyara murya ya ce sun zo nema wa ɗansu Nuraddeen auren Rashida. Na ƙara manna kunnena a jikin katako.

“Na ba shi,” in ji Baba.

Inna ta matse mini hannu. Kawunnai suka fara alhamdulillahi.

“Ban gama ba. Ɗanku ya rubuta wa gwamnati cewa a makarantata ba a koyar da komai. Shi masani ne, ba na musu da shi. To tunda ya san yadda ake yi, ga ranar aure: ranar da sakamako ya fito aka ce yaro guda daga makarantata ya ci jarrabawar shiga sakandare, a wannan makon za a ɗaura. Guda ɗaya tak nake nema. In bana ne, bana. In baɗi ne, Allah ya kai mu.”

Wani kawu ya yi tari. “Malam, a shekarun nan yara nawa suke ci a wurinku?”

“Ku tambayi ɗanku, ya rubuta a shafi na biyu.”

Suka yi ta lallashi, Baba ya ce shi bai hana aure ba, rana kawai ya sa, kuma ba shi ke koyar da aji shida ba. Aka raba goro a haka. Inna ta sake hannuna ta zauna daɓas a kan turmi, ta ce, “Shi ke nan, 'yata za ta tsufa a ɗakina.” Ni kuwa yatsu nake lanƙwasawa ina lissafi. Daga ranar zuwa jarrabawa wata biyar ne da 'yan kwanaki, kuma wadda ta fi kowa a ajina ba ta san harafin farko na sunanta ba.

Ranar Litinin na tura kwandon zare da rigunan matashi ƙarƙashin gado. Ƙarfe bakwai ina makaranta, har maigadi ya tambaye ni ko lafiya. Na goge jawabin Baba da hannuna, na raba allo gida-gida, na rubuta harufa biyar na farko manya-manya. Da yara suka shigo na ce kowa ya fito da littafi da fensir, yau ba mai rera komai, ɗaya bayan ɗaya za ku zo nan ku nuna mini. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna. Na bi layi ina kama hannun kowa ina nuna masa yadda ake riƙe fensir, har na zo kan Turai. Ta bar ni na lanƙwasa mata yatsu, ta ja layin farko a karkace, sannan ta ɗago kai ta yi ƙasa da murya don kada sauran su ji.

“Malama, wani sufeton ne kuma zai zo?”